Wa Ya Kori Mushen Garinku?

Ƴan uwa maza da mata na bakin iyaka, mutanen Ƙonni da Madawa, Gidan Rumji da Madarunfa da Ɗan Isa, Matamai da Magarya da Dungas.

Kafin masu motoci su zo muku da turamen atamfa da buhunan shinkafa, muna roƙonku ku zauna ku yi wani ɗan lissafi. Daga shekarar 2011 da gwamnatin wancan lokaci ta hau mulki zuwa 2020, malamai nawa aka kawo lakkwal ɗin garinku? A cikinsu nawa ne suka cika shekara uku? Ma'aikatan jinya nawa suka zauna a likitarku har kuka saba da su, kuka san sunan ƴaƴansu? Ku ƙirga da yatsu. Sannan ku tambayi kanku ina suka tafi.

Kun san amsar, don kuna haɗuwa da su. Wani yana kabu-kabu a tashar Maradi. Wani ya koma sayar da ruwa-ruwa a bakin hanya. Wani ya bi ayarin masu haƙar zinari zuwa arewa tun da aka gano shi a Jado a 2014. Wani ya tsallaka Illela ko Jibiya ko Maigatari yana tsaron shagon wani. Mutanen nan sun yi karatu, sun ɗauki alli da niyyar koyar da ƴaƴanku, amma suka ajiye suka tafi. Ruwa ba ya tsami banza.

YADDA ƊAN KWANTIRAGI YAKE RAYUWA

Tsarin ɗaukar malamai na wucin gadi ya faro ne tun 1998, lokacin da ƙasa ke cikin matsin tattalin arziki, yara suna ƙaruwa, baitulmali ba ya iya ɗaukar kowa aikin dindindin. An ce maganin gaggawa ne. A 2020 shekara 22 ke nan, kuma a lokacin mafi yawan masu koyarwa a makarantun firamare na ƙasar nan ƴan kwantiragi ne. Maganin gaggawa ya zama abincin kullum.

A 2020, ɗan kwantiragin firamare jika 75 ake ba shi a wata, shi ma ba albashi ake kiransa ba. Da a ce yana zuwa a kan kari, da sauƙi. Sai wata ya mutu, wani ya kama, mushe na nan yana cin bashin hatsi wurin mai tebur, yana kauce wa idon mai gidan haya. Ranar da aka ce kuɗi sun fito, sai ya rufe aji ya hau babur zuwa babban gari, ya bi layi, wani lokaci ya kwana biyu. Kuɗin mota daga aljihunsa, kwanakin da yara suka rasa kuwa ba mai rama musu.

Ba shi da lambar ma'aikacin gwamnati, don haka ba ya hawa mataki. Wanda ya shekara goma da wanda ya zo bara duk tafiyarsu ɗaya. Ajinsa na zana ne, ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, kuma hadarin farko na damina ke rushe shi. Yara suna zaune a ƙasa, littafi ɗaya hannu da yawa. Ga zafi, ga ƙura, ga tsoron gobara.

MUGUN SHUGABANCI YA FI TALAUCI CIWO

Bahaushe yana jure rashi. Abin da ba ya jurewa shi ne wulaƙanci. Ku tambayi duk malamin da ya ajiye aiki, za ku ji cewa ba kuɗi kaɗai suka kore shi ba.

Yana gani a ɗauko wanda bai kai shi ilimi ba, bai kai shi daɗewa ba, a ɗora masa a matsayin darakta saboda katin jam'iyya. Yana gani a bar ɗan wane a cikin birni, shi kuwa da ba shi da kowa a tura shi rugar da ko rijiya babu. In ya buɗe baki a taron ƙungiyar ƙwadago, sai takardar canjin wurin aiki ta iske shi a tsakiyar shekara, a raba shi da iyalinsa. In ya shiga yajin aiki don neman kuɗin da ya riga ya yi wa gumi, a zaftare masa kwanakin yajin daga cikin kuɗin da ba a ma biya shi ba.

A 2017 gwamnati ta tara ƴan kwantiragi ta yi musu jarrabawa, aka sallami masu yawa. Mu ba mu ƙi a auna malami ba, domin wanda bai iya ba bai kamata a damƙa masa ƴaƴan mutane ba. Amma wa ya ɗauke su aikin tun farko? Wa ya tura su aji ba tare da isasshen horo ba? Wa ya bar su shekara da shekaru babu mai leƙo su ya gyara musu kuskure? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. An tona asirin mushe a gaban ɗalibansa, waɗanda suka ɗauko shi kuwa suna nan kan kujerunsu.

Haka abin yake a likita. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, mata masu ciki su yi awo kyauta, gwamnati ta mayar wa asibiti kuɗinsa daga baya. Kuɗin ba sa dawowa a kan lokaci, ɗakin magani ya zama fayau. Uwa ta zo da ɗanta yana zazzaɓi, a miƙa mata takarda a ce ta je ta sayo. Wa za ta zaga? Majon da ke gabanta, wanda ya kwana bai runtsa ba, shi kaɗai ga ƙauyuka da dama. Zagi daga ƙasa, barazana daga sama. Ranar da wata ƙungiyar agaji ta yi masa tayin aiki, ko waiwaye ba ya yi.

Ma'aikatan ƴan kasuwa ma ba su tsira ba. Daga 2012 har zuwa 2020 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 30,047 ne, bai motsa ba, alhali kun san yadda farashin tiyar hatsi ya motsa. Masu gadi, yaran gidajen mai, direbobi, da yawansu ba takarda, ba hutu, ba a zuba musu komai a asusun fansho. Dokar ƙwadago ta 2012 tana nan a rubuce. Mai zuwa ya duba ko ana bin ta ne babu.

KU NE KUKE BIYA

Idan mushe ya tafi, ɗan minista ba ya rasa darasi, yana makarantar kuɗi a Yamai ko a ƙasar waje. Ɗanku ne zai kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Ƴarku ce za a cire daga makaranta a ce zaman banza take yi. Idan ungozoma ta tafi, matarku ce za a ɗora a amalanke cikin dare.

Ku mutanen bakin iyaka kun fi kowa sanin wannan. A da in abu ya gagara a nan, sai a tsallaka. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019 kun ga yadda kasuwa ta mutu, kun gane ba za mu dogara da ƙofar maƙwabci ba. Ga ƴan bindiga da suka addabi yankin Madarunfa da Gidan Rumji, ga ƴan uwanmu ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da kuka karɓa hannu biyu. A irin wannan wuri ne ya kamata a fi riƙe ma'aikaci da kyau, amma nan ne aka mayar wurin horon wanda ya yi wa manya tsaurin ido.

ZA SU CE BABU KUƊI

Ku tuna musu cewa su da bakinsu suka yi alkawarin ware wa ilimi kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin kuɗi, da gina azuzuwa 2,500 kowace shekara. Ku tuna musu cewa tun 2011 ake tace man Nijar a Damagaram. Sannan ku tuna musu binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a farkon shekarar 2020, wanda ya gano kimanin miliyar 76 na sefa tsakanin aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a daidai lokacin da muke makokin sojojinmu na Inates da Shinagodar.

Ku yi lissafin da kanku. Jika 75 sau wata 12, jika 900 ke nan a shekara. Miliyar 76 za su biya ƴan kwantiragi sama da 84,000 na shekara guda cur, ba jinkirin ko kwana ɗaya. Kuɗi akwai. Inda ake kai su ne matsalar. Shi ya sa rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 kan ci gaban al'umma ya ajiye Nijar a ta 189 cikin ƙasashe 189, bayan duk waƙar farfaɗowa da aka yi ta rera mana.

ABIN DA MUKA ƊAUKA A WUYANMU

Alkawari kaya ne, don haka ga namu a rubuce, ku adana wannan takarda ku tuhume mu da ita.

Na ɗaya, kuɗin ɗan kwantiragi zai fita rana ɗaya da albashin minista. In na mushe ya makara, na minista ma ya jira.

Na biyu, za a riƙa ba ƴan kwantiragi lamba bisa daɗewa da ƙwazo, a liƙa jerin sunayen a fili kowa ya gani.

Na uku, ba za a canja wa ma'aikaci wurin aiki a tsakiyar shekara ba sai da dalili a rubuce, kuma yana da inda zai kai ƙara a saurare shi tare da wakilin ƙungiyarsa.

Na huɗu, muƙamin darakta da na sufeto da na shugaban likita za a same shi da jarrabawa da shekarun aiki. Katin jam'iyya, har da namu, ba zai shiga ciki ba.

Na biyar, mai aiki a ƙauyen bakin iyaka zai samu ƙarin alawus da ɗakin kwana.

Na shida, za a sake duba mafi ƙarancin albashi tare da ƙungiyoyin ƙwadago, a ba masu binciken ƙwadago abin hawa su riƙa shiga ko'ina.

Ma'aikacin da aka ba haƙƙinsa kuma ya ƙi zuwa aiki, shi ma doka za ta hau kansa, kuma ku iyayen yara za ku sami bakin faɗa a kai. Addininmu ya hore mu da mu biya mai aiki tun guminsa bai bushe ba, ya kuma hori mai aiki da riƙon amana. Duka biyun muke nema.

Ranar Lahadi 27 ga Disamba 2020, ku fito da katinku na zaɓe tun da sassafe. Ku kira ƴaƴanku da suka tafi ci-rani su dawo. Ku karanta wa wanda bai iya karatu ba wannan takarda, a majalisa, a kasuwa, a gidan suna. Malamai da ma'aikatan lafiya, ku da kuka jure da ku da kuka gaji kuka tafi, a cikin rumfar zaɓe babu darakta, babu sufeto, daga ku sai Allah.

Ku zaɓi canji. Allah Ya ba mu zaɓe lafiya, Ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.