Cacar ƙwallon jami'o'in Amurka: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa watan Janairu, kowace Asabar jami'o'in Amurka na karawa da juna a irin ƙwallon nan tasu da ake runguma da hannu ana ture-ture. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da dubu 107, wato wajen ninki uku na filin Seyni Kountché da ke Yamai. Masu wasan ɗalibai ne, akasarinsu tsakanin shekara 18 da 23. A kan gumin waɗannan yara ne aka kafa wata babbar kasuwar caca, kuma tarkon da take kama mutane da shi sunansa mai daɗi ne: nazari.

Ana gaya wa mai zuba kuɗi cewa shi ba ɗan caca ba ne, masani ne. Ana cika masa jaridu da talabijin da lissafi: wace ƙungiya ce ta fi ƙarfin tsaron gida, wane mai jefa ƙwallo ne ya ji rauni, wa ke wasa a gidansa, ko za a yi ruwa ko iska ranar karawar. Sai ya kwana yana auna ƙungiya da ƙungiya, ya wayi gari yana jin ya gano abin da ya ɓuya wa kowa. Alhali kuwa duk abin da ya gano, gidan caca ya riga shi sani, har ya saka shi cikin farashi.

Ga yadda abin yake. Ba a tambayar mutum wa zai ci wasa kawai. Gidan caca yana yanka tazarar maki: ya ce ƙungiya kaza sai ta ci da maki fiye da 14 kafin wanda ya bi bayanta ya samu. Da wannan tazara ake daidaita mai ƙarfi da mai rauni, har wasan ya koma kamar jefa kwabo sama. Daga nan kowa ya zuba dalar Amurka 110 don neman 100. In mutum biyu suka zuba, ɗaya nan ɗaya can, gida ya karɓi 220, ya biya wanda ya ci 210, ya soke 10 a aljihu. Kowane ɗan kasuwar Maraɗi ya san sunan wannan sana'a: dillanci ne, kuma dillali bai damu da wanda ya yi riba tsakanin mai saye da mai sayarwa ba, la'adarsa ta riga ta fita. Don kawai mai caca ya tashi ba riba ba hasara, sai ya canka daidai fiye da sau 52 cikin 100, shekara da shekaru. Masu iya wannan ƙalilan ne, kuma da zarar gida ya gane su sai ya taƙaita abin da za su iya zubawa.

Wane nazari ne ma zai iya auna zuciyar yaro ɗan shekara 19? A 2007 masu yanka tazara sun ce jami'ar USC za ta lallasa Stanford da maki 41. Stanford ce ta ci, 24 da 23, a gidan USC ɗin. A shekarar dai ƙaramar jami'ar Appalachian State ta je har gidan Michigan ta doke ta 34 da 32. Tun da kuma aka sassauta dokar sauya jami'a a 2021, ƴan wasa na ƙaura da yawa kowace shekara, ta yadda alƙaluman bara ba su cika bayyana ƙungiyar bana ba.

Masu kare wannan kasuwa suna cewa gara a yi ta a fili, hukuma ta sa ido ta karɓi haraji, da a bar ta hannun ƴan bayan fage. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a dubi abin da ya biyo baya. Dokar 1992 ta hana cacar wasanni a galibin jihohin Amurka, sai Kotun Ƙoli ta soke ta a watan Mayun 2018. Cikin ƴan shekaru fiye da jihohi 30 suka halatta ta, cacar kuma ta bar shago ta koma cikin wayar hannu. A 2024 Amurkawa sun zuba kusan dala biliyan 150 a cacar wasanni ta halaliyar hanya, kamfanoni suka riƙe fiye da biliyan 13. Wannan kuɗi daga aljihun masu nazari ya fito.

Abin kunya mafi girma na jami'o'in ne da kansu. A 2020 jami'ar Colorado ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin PointsBet, har da ladan dala 30 a kan kowane sabon ɗan cacar da ya shiga ta hanyarta. Michigan State da jami'ar jihar Louisiana su ma suka sa hannu da kamfanin Caesars. Sai da ƴan jarida suka tona asirin a 2022, jama'a suka yi ca, sannan aka warware yarjejeniyoyin a 2023. Makarantar da aka damƙa wa amanar ƴaƴan mutane ita ce ta yi wa gidan caca tallar su.

Su kuwa ƴan wasan, su ne kurar da ke shan bugu. A 1994 wani ɗan wasan jami'ar Northwestern ya saki ƙwallo da gangan dab da layin ci saboda cacar da ya yi, kamar yadda ya amsa daga baya. A 1996 Boston College ta dakatar da ƴan wasa 13, biyu daga ciki sun zuba kuɗi a kan ƙungiyarsu za ta faɗi. A 2023 bincike ya rutsa da ɗalibai da dama a jami'o'in Iowa da Iowa State. Waɗanda ba su taɓa caca ba ma ba su tsira ba: wanda ya yi kuskure a fili sai ya tarar da zagi da barazana a wayarsa daga waɗanda kuɗinsu ya nutse. Shi ya sa a 2024 shugaban hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, Charlie Baker, ya roƙi jihohi su hana caca a kan ƙwazon ɗalibi guda, jihohi irin su Ohio da Louisiana suka amsa.

Mai karatu a Tawa ko Damagaram zai iya cewa Amurka da nisa. Ƙwallon ce ke da nisa, dabarar kuwa tana bakin ƙofa. Ma'aikacin da ke duƙufa kan takardar PMU yana auna dawakin da ke sukuwa a Faransa, da matashin da ke jera wasannin Turai goma a tikiti guda, duk magana ɗaya aka gaya musu: wanda ya sani zai ci. Idan ƙasar da ke da kotuna da hukumomin sa ido masu ƙarfi ta kasa hana jami'o'inta kai ɗalibansu kasuwa, ƙasar da albashi ba ya kai ƙarshen wata ba ta da dalilin sakaci. Wajibi ne majalisa da hukuma su nisanta tallar caca daga makarantu, su kuma tilasta wa kowane gidan caca bayyana kason da yake riƙewa a kowace jika. In gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, mai hankali ruwa yake shafa wa nasa.