Kwali a Akwati, Yaro a Kan Okada

Jama'a, wai har yaushe za a ci gaba da raina mana hankali? Ka bi titin Nima a Accra da hantsi, ka gangara Maamobi, ka dubi samarin da ke zaune a benci suna musun ƙwallo. Da yawansu sun gama jami'a. Uwa ta shekara huɗu tana suyar ƙosai da asuba don ɗanta ya yi digiri, ya gama, ya yi bautar ƙasa shekara guda, ya dawo gida ya kulle kwalin a akwati, ya ari babur ya shiga okada. Ina kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

A 2016 gwamnati ta mai da kwalejojin fasaha jami'o'i, Accra Polytechnic ta koma Accra Technical University, aka sha tafi. Amma sauya allon ƙofa ba shi ne koya wa yaro haɗa wutar sola ko gyaran injin mota ba. A 2017 aka fara sakandare kyauta, 'ya'yan zango suka cika azuzuwa, wannan kam alhamdulillahi. To bayan sun fito fa, su nufi ina? Aka ƙirƙiro ma'aikatar raya zangogi a shekarar, aka rushe ta a 2021. Aka ɗebi masu digiri dubu ɗari aiki a shirin NABCO a 2018, wa'adi ya cika, aka sallame su, wasu suna ta bin bashin alawus. Kowace gwamnati da nata sabon suna, yaro yana nan kan bencinsa.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa, je ka wajen masu gyaran waya a Circle ka gani. Yaron da bai wuce makarantar allo ba zai kwance maka waya, ya gano cutarta, ya ɗaure ta kafin ka gama shan ruwa. Hannu yana da shi, takarda babu, don haka kamfani ba zai ko dube shi ba. Mai takarda kuma ya haddace littafi, ba ya iya riƙe sukundireba. Me zai hana makarantun nan su sauko su gwada wannan yaro, su ba shi shaida, su ɗauki maigidansa ya koyar? Girman kai ne kawai!

Mu ma iyaye da namu laifin. Yaro ya ce yana son walda ko ɗinki, sai a ɓata rai, wai ɗan wane yana jami'a a Legon. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu neman ƙuri'a kuma, in kun zo da shinkafa da sukari a azumi mai zuwa, ku taho da amsa: wuraren koyon sana'a nawa kuka gina a Nima, malamai nawa kuka zuba, yara nawa suka fito da sana'a a hannu?