Noma Ba Na Wanda Ya Rasa Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, har yaushe za mu riƙa yi wa masu karatun aikin gona dariya, wai likitanci suka nema suka rasa? Kowa burinsa ofis da fanka, alhali da ruwan ciki akan ja na rijiya. Obasanjo ya yi shelar ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya yi tasa a 1980, amma dalar gyadar Kano ba ta dawo ba, domin shela ba ta huɗa. Ƙwararru ake bukata: malamin gona, likitan dabbobi, injiniyan noman rani a Kadawa, mai binciken iri a Samaru. Waɗannan guraben namu ne. In muka guje su, kada mu yi kukan tsadar hatsi!