Fadar Lamiɗo Ta Wa Ce?

Hausawa na cewa gida na mai shi ne, kuma kowa ya san ba a shiga tsakanin mutum da abin hannunsa. Wannan magana gaskiya ce a kan gidan talaka da ya dafa tubalinsa da guminsa. Amma da zarar an zo kan fada, sai maganar ta fara rawa, domin fada ta fi wanda ke zaune cikinta daɗewa, ta kuma ga masu iko iri-iri sun shigo suna cika baki sun fita ba sallama. Fadar Lamiɗon Adamawa da ke Yola ta isa shaida a kan haka, kuma a kanta nake son mu yi wa juna gaskiya.

Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon jihadi, ya zauna Gurin, ya koma Ribaɗu, ya koma Njoɓoliyo, kafin ya kafa Yola a 1841 a kan tudu, daura da fadamar Binuwai da tafkin Njuwa. Sunan garin ma daga kalmar Fulatanci ta tudu ya samo asali. Ƙasar kuwa ba fili ba ce da babu kowa, ƙasar Bata ce da Bere da sauran al'ummu. Hannuwan da suka kwaɓa ƙasar ginin fada, suka ɗauko azara da ciyawa, akwai na Fulani, akwai na Hausawa da Barebari, akwai kuma na bayi da aka kamo daga duwatsu. Wanda duk ya ce fadar ta zuri'a ɗaya ce kurum, ya share waɗannan hannuwa daga tarihi.

Ruwan nan da ya ba Yola albarka shi ya kawo mata baƙi. Heinrich Barth ya iso a 1851 zamanin Lamiɗo Lawal, aka sallame shi bayan 'yan kwanaki. Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya zo da hajarsa, aka hana shi gini a tudu, ya shekara da shekaru yana ciniki daga wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan kogi. Bafaranshe Mizon ya zo a farkon shekarun 1890 ya ba Lamiɗo Zubairu igwa biyu. A 1893 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka raba Fombina, suka bar wa Lamiɗo babban birninsa, suka miƙa mafi yawan ƙasarsa ga Jamus, ba tare da an tambayi ko dogari ba. Ran 2 ga Satumba 1901 sojojin Kanar Morland suka biyo ruwan damina cikin jiragensu, suka yi wa fada da masallaci ruwan wuta. Zubairu ya fita, aka kashe shi a 1903. Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu, suka kuma tuɓe shi a 1909 da suka ga dama.

Mai karatu ya lura da abin da ya faru a nan. Ginin bai motsa ba, zuri'ar ba ta sake ba, amma mabuɗin ya koma aljihun Razdan. Iko ya gangara Jimeta, bakin kogi, inda kamfanoni suka kafa ɗakunan ajiyar gyaɗa da auduga. Daga Razdan mabuɗin ya koma hannun gwamnatin Jihar Arewa, daga nan ya koma hannun gwamnonin soja. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, aka kuma yi wa ƙananan hukumomi garambawul wanda ya ƙarasa raba sarakuna da mulkin En'e. A 1978 Dokar Mallakar Ƙasa ta damƙa filayen jiha ga gwamna. A 1991 aka haifi Jihar Adamawa. A Disambar 2024 kuma gwamnatin jiha ta fitar da sababbin masarautu bakwai, cikinsu har da ta Fufore, inda Gurin take. Ashe mazaunin farko na Modibbo Adama da fadarsa ta ƙarshe yanzu ba a ƙarƙashin rawani ɗaya suke ba.

Ba na jayayya da haƙƙin al'ummomin da suka daɗe suna neman sarautar kansu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki gini mai tarihi tamkar ganimar zaɓe. Kano ta nuna mana inda wannan hanya take kaiwa: an tsaga masarauta a 2019, an tuɓe sarki a 2020, an soke dokar a 2024, sai ga sarki a Gidan Rumfa, ga wani a fadar Nasarawa, 'yan sanda na gadi, lauyoyi na kai da komowa. A cikin duk wannan hayaniya, wa ya tashi ya tambayi lafiyar soraye da takardun da ke ciki? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai masu cewa a bar fadoji su ruguje, wai alamar mulkin danniya ce da bauta. Amsarsu mai sauƙi ce: wanda aka zalunta shi ya fi kowa bukatar shaida ta tsaya. Jikan bawan da ya ɗauki ƙasar katanga yana da haƙƙin ya nuna wa ɗansa aikin kakansa. Akwai kuma masu kuɗi da 'yan kwangila da ke ganin girmama fada shi ne a rushe tsohon zaure a zuba siminti da gilashi. Waɗannan sun fi haɗari, don da sunan ƙauna suke ɓarna, kuma abin da katafila ta kwashe da safe ba mai dawo da shi.

Mu leƙa birnin Benis na Italiya, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, inda fadoji ke jere a bakin babban mashigin ruwa. Akwai wata da ake kira Ca' d'Oro, wato gidan zinariya, wadda attajiri Marino Contarini ya gina a ƙarni na 15. Ta yi ta sauya hannu har ta faɗa hannun wata shahararriyar 'yar rawa, Marie Taglioni, a tsakiyar ƙarni na 19. A zamaninta aka ɓamɓare tsohuwar matattakalar tsakar gida, aka sayar da bakin rijiyar da aka sassaƙa da dutse. Doka ba ta hana ba, tun da gidanta ne. A 1894 Giorgio Franchetti ya sayi fadar, ya bi sawun bakin rijiyar har ya fanso shi, ya ƙarar da dukiyarsa wajen gyara, sannan ya miƙa ta ga ƙasa a 1916. An buɗe ta ga jama'a a 1927. Dukansu biyu suna da takardar mallaka mai inganci, amma ɗaya ce ta ga kaya, ɗayan ya ga amana.

Ba sai mun je Turai ba ma. A nan Adamawa, fadar Hidi ta dutse da ke Sukur a ƙasar Madagali ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1999, wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya. Tun 1979 kuma akwai dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta ba ta ikon kare tsofaffin gine-gine. Makamin yana nan, hannun da zai ɗauka ne ya yi nauyi.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfin kowa ba. A auna fadar Yola da tsohon masallacin Gurin da abin da ya rage na gine-ginen bakin kogi a Jimeta, a zana su, a ɗauki hotonsu. A tattara wasiƙun Larabci da na ajami da ke hannun iyalai a kwafe su kafin gara ta gama da su. A kafa kwamitin amintattu wanda Bata da Bere da Camba za su zauna cikinsa tare da Fulani da Hausawa, ta yadda ba sarki ko gwamnan da zai taɓa tsohon bango sai da yardarsa. A kuma ceci tafkin Njuwa daga cikowa, domin wanda bai ga ruwan ba ba zai fahimci dalilin zaman garin a nan ba.

Mu malamai da ɗalibai na sashen Hausa ba mu da ta cewa idan muka naɗe hannu. Waƙoƙin fada da kirarin sarakuna da labaran tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka ga shekarar 1901 duk aikinmu ne, kuma kowace damina muna binne wasu daga cikin masu riƙe da su. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri ya bar maimaita abin da aka rubuta sau goma, ya ɗauki rikoda ya nufi Yola da Gurin. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.