Tunkarar abin tsoro a matsayin magani: shin sauƙin yana ɗorewa?

Tun bayan gobarar tankar mai a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ba abin mamaki ba ne a samu wanda gabansa ke faɗuwa da ya hango tanka a hanya. Ga yawancin mutane tsoron kan lafa da kansa. Ga wasu kuwa yakan zama ciwo: bugun zuciya, zufa, numfashi sama-sama, mutum ya ji kamar ajalinsa ne ya zo. A auna jini, a duba zuciya, a ce masa lafiya lau. Daga nan sai ya daina shiga mota, ko da daga Yalwawa zuwa kasuwar Shuwarin ne.

Maganin da ya fi tasiri shi ne tunkarar abin tsoron daki-daki a hannun ƙwararre. Yau a tsaya a tasha, gobe a zauna cikin motar da ba ta tashi ba, jibi a yi gajeriyar tafiya. Wanda firgici ke taso wa haka kawai, idan an tabbatar zuciyarsa lafiya, akan sa shi hawa bene da sauri har ta buga, ya gani da kansa bugun ba ya kisa.

Iyalai kan tambaya ko sauƙin zai ɗore. A 1989, masanin halayyar ɗan Adam Lars-Göran Öst na ƙasar Suwidin ya bibiyi mutum 20 masu tsoron abu guda, waɗanda aka yi wa zama ɗaya tak. Bayan kimanin shekara 4, kashi 90 cikin 100 sun warke ko sun samu sauƙi sosai. Firgicin da ke zuwa haka kawai ya fi taurin kai, yakan buƙaci zama da yawa, kuma yakan dawo wa wasu. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ba ta goge tsohon tsoro, sabon darasi take ɗorawa a kansa. Rashin lafiya ko labarin wani haɗarin kan iya tayar da shi, amma 'yan zama kaɗan sukan sake kwantar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne diazepam da ake saya a kemis. Yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, jiki ya saba da shi, mutum ya ɗauka ƙwayar ce ta cece shi. Haka ɗan'uwan da ke cewa "zauna, bari in je maka", tausayi ne, amma tsoron yake rayawa.

Masu wannan aiki sun yi ƙaranci a Jigawa. Ku nemi likitanku ya tura ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, a asibitin Kazaure ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma ku tambaya musamman ko ana yin wannan magani, ba ƙwaya kaɗai ba.