Waƙoƙin Narambaɗa a Takarda: Raunin Na Wane Ne?

Da wuya masu sha'awar waƙar baka su zauna hira kan makaɗan fada, a Sakkwato ne ko Gusau ko Kano, su tashi ba su ambaci Ibrahim Narambaɗa ba, wato makaɗin kotso ɗan Tubali wanda ya yi zamani a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa. Yau fiye da shekara sittin ke nan da rasuwarsa, amma waƙoƙinsa sai ƙara yaɗuwa suke yi. Sun tashi daga rediyo sun koma kaset, daga kaset sun shiga wayoyin hannu da YouTube, an kuma rubuta su cikin littattafai da kundayen neman digiri. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya taskace waƙoƙin makaɗanmu da dama, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya fitar da littafi sukutum mai suna Narambaɗa a shekarar 2009. Allah Ya saka musu da alheri.

To amma da waƙoƙin suka taru wuri ɗaya, sai wani abu ya fito fili wanda a da ba a cika lura da shi ba: ba dukkansu ne suke da ƙarfi ɗaya ba. Mai karatun da ya saba da Bakandamiya da Dokin Iska Ɗanhilinge yakan ci karo da wasu ɗiyan waƙa waɗanda a takarda ba su wuce jerin sunaye da maimaici ba. Daga nan sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce ashe an zuzuta mutumin ne, wasu kuma su ce duk abin da ya fito daga bakinsa zinari ne, mai ganin aibu shi ne bai iya saurare ba. A ganina duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Raunin yana nan, amma kafin a ɗora wa mamaci, wajibi ne a binciko mai shi.

Abin da ya kamata a fara tunawa shi ne Narambaɗa bai rubuta waƙa ba, bai zaɓi wadda za a adana ba, bai kuma ga ko shafi ɗaya na abin da ake jingina masa a yau ba. Alhaji Aƙilu Aliyu yana raye aka buga Fasaha Aƙiliya a 1977, saboda haka yana da bakin cewa a gyara ko a cire. Narambaɗa bai sami wannan dama ba. Na'urar ɗaukar murya ta riske shi ne a ƙarshen rayuwarsa, kuma abin da ta kama shi ne abin da aka yi dace aka kunna ta a kansa. Daga nan aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset, murya na dusashewa, kiɗa na danne magana, har ya iso ga ɗalibin da zai zauna ya rubuta abin da kunnensa ya ji.

A nan ne babbar ɓarna take faruwa, kuma ɓarna ce ta harshe. Narambaɗa ya yi waƙa da Hausar yamma, ta Gobir da Zamfara, ɗalibi kuwa an horar da shi kan Daidaitacciyar Hausa wadda aka gina bisa karin harshen Kano. Inda Bagobiri zai ce munka da sunka, Bakano muka da suka yake cewa. Gaɓar farko ta munka mai nauyi ce, ta muka kuwa mai sauƙi ce. Haka yaz zo da ya zo: kalmar farko ta rasa nauyinta da zarar an cire baƙin da aka ninka. Ɗiyas sarki gaɓa huɗu ce, 'yar sarki uku. Waƙar Hausa kuwa, ta baka da rubutacciya, a kan jeruwar gaɓoɓi masu nauyi da masu sauƙi take tafiya, kuma da wannan jeruwa ce murya take hawa kan kiɗan kotso. Idan mai rubutu ya gyara wa makaɗi Hausa da kyakkyawar niyya, ya karya masa ma'auni, sai layin ya fito yana ɗingishi, mai nazari kuma ya zo ya ce makaɗi ya gaza. Bugu da ƙari, rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka kalmomin da makaɗi ya yi wasa da bambancinsu sukan zama abu ɗaya a shafi. Kalmar da mai rubutu bai sani ba kuwa, sau da yawa yakan maye gurbinta da mai kama da ita, ma'ana ta tafi.

Akwai kuma raunin da jahilcinmu ne ya haife shi. Waƙar fada a gaban sarki ake yin ta, cikin mutanen da suka san juna. Sunan da muke gani kamar ciko ne a takarda, mai yiwuwa a wancan zaure shi ne wurin da fada take kaurewa da dariya, domin habaici ne ga ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba, ko zambo ga bafaden da ya yi rowa. Mabuɗin waɗannan sunaye yana hannun dattawan Isa da Sabon Birni da Gatawa da Shinkafi, kuma wannan ne ya sa maganar ta wuce muhawarar malaman jami'a. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar gabashin Sakkwato, dubban mutane sun tsallaka Jihar Maraɗi ta Nijar, wasu sun watsu cikin birane. A watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, a watan Agusta kuma aka sami labarin rasuwarsa a hannun waɗanda suka sace shi. Allah Ya jiƙansa. Fadar da ta rasa zaman lafiya ba ta riƙe tarihi, kuma duk dattijon da ya rasu a gudun hijira yakan tafi da fassarar wasu layuka da ba mai sake warware su.

Bayan an tace waɗannan biyu, abin da ya rage shi ne na makaɗin kansa, kuma bai kamata kunya ta hana mu faɗa ba. Makaɗin fada ma'aikaci ne. Ana kiransa ranar Sallah, da ranar naɗi, da ranar da baƙo ya sauka, kuma ba ya cewa yau ba ni da hikima. Dole wata rana ya jingina da tsofaffin kirari da ya saba, ya bar 'yan amshi su riƙe masa waƙa. Wannan bai rage masa daraja ba. Fasihi da ƙololuwar da ya kai ake auna shi, waƙoƙin yau da gobe kuwa su ne suke nuna mana inda ya taso ya kai can.

Ba mu kaɗai ne muka gamu da wannan matsala ba. Tun ƙarni na 3 na Hijira, Ibn Sallam al-Jumahi ya yi kashedi kan baitocin da maruwaita suka jingina wa mawaƙan Jahiliyya, ya nace a san ta hannun wa kowace ƙasida ta zo. A Ingila ma, da aka tara waƙoƙin Philip Larkin a 1988, shekara uku bayan mutuwarsa, an cakuɗa waɗanda ya buga da waɗanda ya ajiye a aljihun tebur, aka yi ta ƙorafi, har aka sake bugu a 2003 bisa tsarin da shi ya bari.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu su haɗa hannu da gidajen rediyon da suke riƙe da tsofaffin faya-fayai, a fitar da tsayayyen diwani. A rubuta kowace waƙa da karin harshenta yadda aka rera ta, a faɗi faifan da aka ɗauko ta, a sa alama a inda kunne ya kasa ji maimakon a cike da zato, a kuma nemi dattawan Gobir duk inda suke su yi bayanin sunaye tun suna da rai. Sai bayan haka mai nazari zai iya cewa wannan waƙa ta fi waccan, maganarsa ta zama hukunci a kan Narambaɗa, ba a kan kaset da alƙalamin wani ba.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya dawo wa ƙasar Gobir da zaman lafiya, amin.