Ƙwallon Makaranta da Tsintar Auduga a Jazira

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, irin su Mai Wurno kusa da Sinnar, yaron da ya shiga ƙungiyar ƙwallon makaranta iyayen gida uku gare shi: malamin aji, malamin allo da gona. Tun kafuwar Shirin Jazira a 1925 auduga ke tsara wa gidaje da yawa lokutansu, kuma idan tsinta ta kama da sanyi, hannun yaro ma kuɗi ne.

Don haka malamin da ke korar ɗan wasa saboda fashin atisaye a wannan lokaci, talauci ya hukunta. Amma wanda ya karɓi riga ya ɓace babu sallama, ya bar 'yan'uwansa goma a fili, ya ci amana, benci ne mazauninsa. Abin da ya kamata shi ne a rage atisaye lokacin tsinta, uba kuma ya sanar da malami tun da wuri.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu tsawon watanni. Yaron da ya saba da zaman gida, sau da yawa ƙwallo ce za ta fara dawo da shi harabar makaranta, wanda aka kora daga fili kuwa da wuya a gan shi a aji washegari.